Nomau Mahauci da Kalangun Aljihu

Duk wanda ya saba sayen nama a layin mahauta na Kasuwar Dole shekarun baya ya san Nomau, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon baƙin mutumin nan mai furfura a gemu, wanda kullum igiya ke saukowa daga kunnuwansa zuwa aljihun rigarsa. In ka yi masa magana ba ya ji. Sai dai ka nuna tsokar da kake so, ka ɗaga masa yatsu, ya yanka ya auna ya miƙo maka. Baƙi sukan ce girman kai ne, wasu su ce kurumta yake ɓoyewa, mata kuwa su yi ta dariyar tsoho da abin samari a kunne. Ni na san dalili, domin ni na sa masa igiyar nan da hannuna, kuma ni ne sanadin da ya sa ya buƙace ta.

Sunana Mahamud. Rumfata tana kallon layin mahauta, hanya ce kawai tsakaninmu. Ina sayar da 'yan na'urorin sauraren waƙa, waɗanda mu nan Damagaram muke ce wa empeturwa, ina kuma zuba wa mutane waƙoƙi a katin memwar, ɗan abin nan da bai kai farcen babban yatsa ba. Na daɗe a wannan sana'a, kuma ban taɓa jin kunyarta ba sai a kan Nomau.

Mutumin Hamdara ne, ɗan mahauta jikan mahauta. Tun yana saurayi ya shiga tauri, wato mutanen nan masu shan magani don kada ƙarfe ya ci su. Bayan an gama aikin kaka sai su fito fili, mutum ya goga wuƙa a cikinsa da wuyansa, ko ya damƙe kaifinta a tafin hannu ya zare, ya buɗe hannun babu ko ƙwarzane. Ko magani ne ko dabara ce, ni ban sani ba, kuma ban zo yin gardama da kowa ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne tsuma. Kowane ɗan tauri yana da takensa, kiɗan da aka yi don shi kaɗai, kuma da zarar an buga masa sai jikinsa ya ɗauki rawa, ido ya kaɗa ya yi ja, ba ya gane uwa ba ya gane uba.

Makaɗin Nomau wani Alkasum ne mai kalangu, kuma ya san aikinsa. Yana kiɗa yana kallon ƙwayar idon mutum. In ya ga abin ya kai inda ake so, sai ya sassauta hannu, ya juya kiɗan, ya sauko da shi a hankali yadda mace ke sauke tukunya daga murhu. Sau ɗaya tak ya kuskure. A wani wasa a Hamdara 'yan kallo suka yi ta zuga shi, daɗin yabo ya ɗebe shi, ya ƙi saukowa. Nomau ya bar goga adda a jikinsa ya nufi mutane da ita. Sama'ila, ƙanin matarsa Balki, ya yi tsalle ya kama shi ta baya. Addar ta ɗauke wa Sama'ila yatsu uku, ta tsaga masa kunci tun daga baki har gindin kunne. Da Nomau ya dawo hayyacinsa, ya tarar da ƙarti shida zaune a kansa, ga wata tsohuwa tana tsintar yatsun surukinsa a cikin ƙasa tana zubawa a ƙoƙo.

A makon nan ya dafa Alƙur'ani a gaban surukansa, ya rantse hannunsa ba zai sake zubar da jinin ɗan Adam ba har ya mutu. Ya tara layu da guraye ya cinna musu wuta a tsakar gida. Ya tafi gidan Alkasum ya sa shi ma ya rantse ba zai ƙara buga taken ba, ko a ɗaki shi kaɗai. Balki ba ta yi masa kuka ba, magana ɗaya ta yi.

"Wannan na yafe, Malam, don ba ka cikin hankalinka. Na biyu ba zan iya ba."

Suka taso zuwa birni. Alhaji Mai Nasara, babban mahautan layinmu, ya ba shi tebur bayan ya ji labarin duka, ya ce masa ranar da wuƙarsa ta taɓa mutum, ranar zai bar layin. Bayan shekara biyu Sama'ila da kansa ya biyo su, ya kafa tukubar balangu a gefen teburin, yana juya nama da yatsu biyun da suka rage masa a hannun dama. Ban taɓa jin ɗayansu ya ɗauko zancen Hamdara ba.

Shekara ashirin aka yi haka lafiya. Nomau ya zama mutumin da ko ɗansa ba ya duka. Na ga ranar da wani mai gidan abinci ya kwaɗa masa mari a kan awo, a gaban jama'a, marin da aka ji har rumfata. Nomau ya ajiye wuƙa, ya mayar da hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya tsaya yana kallon ƙasa har mutumin ya gaji da zagi. Ba ya zuwa bikin da ake kiɗa. Alkasum ya rasu da rantsuwarsa, Nomau na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma kowa ya ɗauka taken ya bi mai shi kabari.

Ashe ranar wasan Hamdara akwai wani direba a cikin 'yan kallo da rakoda a kafaɗa, ya ɗauki kiɗan a kaset. Da zamanin kaset ya wuce, mutane suka riƙa kawo min tsofaffin nasu in juye musu a kati. 'Ya'yan direban nan suka kawo buhu guda bayan rasuwarsa. Yawancinsu babu suna a jiki, wanda na ji kalangu a ciki sai in jefa shi cikin jakar da na sa wa suna gargajiya a kwamfutata. Ga kuma yadda muke aiki: mutum ya miƙo kati ya ce "cika min," shi ba ya zaɓe, mu ba ma tambaya. Mu kwaso wa'azi, mu kwaso waƙar Indiya da ta Kano da ta gargajiya, mu yi ta zubawa har kati ya ƙoshi. Masu rumfuna irin tawa suka kwafa daga katunan da ake kai musu. Kafin shekara ta zagayo, taken Nomau ya je Gidimuni, ya je Takaya, ya shiga aljihun mutanen da ba a haife su ba lokacin da aka buga shi.

Wata ranar Litinin da hantsi, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya sayen hanta, da empeturwa mai lasifika ɗaure a kan babur. Ya sa ta a tsallake-tsallake, inda ita ke zaɓar abin da ta ga dama. Tana gama wata waƙar soyayya sai ta faɗa kalangu, muryar wani tsoho ta biyo baya tana cewa, "Na Balki, wuƙa ta gan ka ta koma kube!"

Ina kallo daga rumfata. Wuƙar Nomau ta tsaya a sama. Wani gurnani ya fito daga maƙogwaronsa irin na bijimin da aka kayar. Ya kafa wuƙar a kututturen sara har ƙota, ya ɗaga tebur da naman da ke kai ya kifar, sannan ya rungume ƙarfen rumfa ya yi ta buga goshinsa a jiki, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har fata ta fashe jini ya rufe masa ido. Sama'ila na ihu, "Kashe! Kashe abin nan!" Ɗan kabu-kabun bai ma gane me ake nufi ba, tsoro ne ya sa ya ta da babur ya gudu da kiɗansa, kuma gudun nan ne ya ceci layin.

Bayan azahar Nomau ya tsallako hanya, goshi ɗaure da tsumma. Ya shaƙo wuyan rigata da hannu ɗaya ya ɗaga ni har ƙafafuna suka bar ƙasa. Ina jin ƙarnin jini da kitse a hannunsa, kuma wallahi na yi kalmar shahada.

"Kai ne Mamudu mai zuba waƙa? A ina ka samo Alkasum? Ni na ɗauki makararsa."

Sai ya tuna da kansa. Ya dire ni, ya mayar da hannayensa baya. Da na samu numfashi na ba shi labarin buhun kaset, na buɗe kwamfuta na goge kiɗan a gabansa.

Ya ce, "Shi ke nan ya mutu?"

Na ce, "Yaya, nawa na goge. Na hannun mutane ba ni da iko da shi."

"Mutum nawa?"

"Ban sani ba."

Ya zauna a ƙasa, a nan bakin rumfata, mutum mai jikoki. Ya ce, "Makaɗi ana zuwa gidansa, a kai masa goro, a roƙe shi. Wannan wa zan je in roƙa?"

Ban taɓa jin na tsani sana'ata ba sai ranar. Dabarar da ta zo min ita ce in toshe wuta da wuta. Na ɗauko empeturwar da ta fi kowace a rumfar, wata baƙa mai nauyi, mai gilashin da ke nuna saura nawa a batir, batirin kuma ana ciro shi kamar na salula. Tana da maɓallin kulle, ko an danne ta a aljihu ba ta sauya abin da take yi. Na wanke kati tas, na zuba masa karatun Alƙur'ani izu sittin, babu komai bayansa, na sa ta in ta kai ƙarshe ta koma farko. Na zaɓo igiyar kunne mai roba, wadda ke toshe kunne ruf. Na ba shi batir biyu, kullum da safe ya kawo wanda ya ƙare ya karɓi cikakke.

Shekara shida baƙar nan tana aiki. Ta faɗa cikin jini, ta sha kitse, gilashinta ya tsage, murfin bayanta ya ɓace muka ɗaure da roba, ba ta taɓa yin shiru a kunnensa ba. Igiya kam mun sauya ta fi ashirin, don igiyoyin nan banza ne, daga wuyan fulogi suke karyewa. Amma ita na'urar, da mutum ce da na ce 'yar halak ce. A cikin shekarun nan an kunna takensa a kasuwa ban san iyaka ba, yana yankan namansa, leɓɓansa na bin karatu. Har ya haddace surorin da bai samu ya koya da yarinta ba, yana kuma tsokanata wai malamin aljihunsa ya fi ni ilimi.

Sai Ɗanƙarami ya shigo zancen. Kada sunan ya ruɗe ka, ƙato ne mai shekara talatin, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure, duk jikinsa tabon sara. Shi ne shugaban wata pale, ƙungiyoyin ƙartin unguwa masu ɗaga ƙarfe da siminti, wasunsu sun kama sana'a sun natsu, wasu kuwa adda ce sana'arsu. Nasa irin na biyun ne. Sukan bi layin mahauta suna karɓar nama wai na goro, mutane na ba su don a zauna lafiya. Ranar da ya tsaya gaban Nomau ya miƙa hannu, Nomau ya zare igiya daga kunne ɗaya, ya saurare shi, ya ce, "Kyautata ta marayu ce da tsofaffi. Kai ga ƙirji nan Allah ya ba ka, je ka yi dako." Ya mayar da igiyarsa. Layin ya kwashe da dariya, har da mata masu sayen ƙashi.

Kasuwa ba ta rasa mai dogon baki. Wani ya ba Ɗanƙarami labarin Hamdara da rantsuwa da sharaɗin Mai Nasara. Bayan kwana biyu ya zo rumfata ya ce in ba shi empeturwar da ta fi kowace ƙara. Ni kuma sakarai, ban tambayi dalili ba, na ɗauko masa wata ja mai lasifika biyu, da tocila a goshi, da farantin rana a bayanta. Har ina cika baki, ina buga ta a tebur, ina ce masa ko daga kan mota ta faɗo ba ta mutuwa. Katinsa yana aljihunsa, bai ce in zuba masa komai ba.

Daga nan ya mayar da abin sana'a. Ya zo da yaransa ya tsaya tsakiyar hanya, ya kunna taken Nomau, ya ƙure ƙara, ya ɗaga ta sama yana kallon Nomau. So yake tsoho ya taso, su tarar masa su biyar, in ya ƙwarzani ɗayansu an kore shi daga layi, in bai ƙwarzana ba su yi masa dukan da za a daina yi musu dariya. Nomau kuwa ko ɗago kai ba ya yi. Ran nan haushi ya sa Ɗanƙarami ya kai hannu zai fizge igiyar, sai ga mahauta goma sun miƙe da wuƙaƙe, Mai Nasara a gaba yana cewa, "Taɓa shi ka gani, ɗan nema." Ɗanƙarami ya ja da baya. Mai Nasara ya so ya kai ƙara kwamisariya wurin 'yan sanda, amma me zai je ya ce? Mutum ya kunna kalangu a kan hanya? Ni ma na sami Ɗanƙarami na ce ya dawo min da kayana, ya tura min fuska da tafin hannu na faɗa kan teburina.

Ranar wata Talata, cikin tsananin zafin bazara, baƙar empeturwar ta zame daga aljihun Nomau ta faɗa bahon wankin tumbi. Na buɗe ta, na shanya a rana, na goge da fetur, ko motsi. Irinta kuma an daina kawowa tun da salula ta cinye mana kasuwa. Na ce ya sa katin a salularsa, ya ce a'a, ya gwada, da kira ya shigo karatu ke tsayawa. Abin da ya rage a rumfata wasu 'yan mitsi-mitsi ne kamar akwatin ashana, masu maƙalewa a riga. Ba su da gilashi, ba a ciro batirinsu, wata 'yar fitila ce shuɗiya kawai a jiki. Ga shi tun Litinin babu wutar lantarki a garin. Na kai ta wurin wani maƙwabci mai farantin rana, ta yi awa ɗaya a jone, fitila ta nuna ta cika.

Na san ƙarya take. Wallahi na sani, don kullum ana dawo min da su. Abubuwan nan sukan ce sun ƙoshi alhali rabi suka sha, kuma ba sa gargaɗi, suna cikin magana suke mutuwa. Nomau ya juya ta a tafin hannunsa, ya ce, "Mamudu, wannan 'yar za ta kai ni la'asar kuwa?"

Na ce, "Har magariba ma, Yaya."

Ran Laraba ta kai shi har aka tashi. Alhamis ranar babbar kasuwa ce, mutanen ƙauye sun cika rumfata tun da sassafe, kowa na miƙo kati, mai farantin rana kuma bai fito ba balle a jona ta. Nomau ya ɗago 'yar abar daga tsallaken hanya yana nuna min. Abin da ya kamata in yi shi ne in tsallaka in ce masa ya rufe tebur ya tafi gida. Sai na ɗaga masa hannu alamar ba komai, na koma kan katunana.

Rana ta kusa tsaka Ɗanƙarami ya iso da mutum huɗu. Ya kunna, ya danna maɓallin maimaici, ya ɗaga ta sama kamar kullum. Na ɗago kai ina tsaki. Idona na kan ƙirjin Nomau lokacin da 'yar fitilar ta koma ja, ta ƙifta sau biyu, ta mutu. A duk kasuwar nan ni kaɗai na san ma'anar abin da na gani. Na tsallake teburina, katunan mutane suka watse, amma kafin in kai tsakiyar hanya gurnanin nan ya riga ya fito.

Bai zagaya tebur ba, tsallake shi ya yi, mutum mai shekara kusan sittin, doguwar wuƙar fiɗa a hannunsa. Kasuwa ta dare. Aka tattake wata mai tattasai, aka ture tukubar Sama'ila garwashi ya watsu a ƙafafun mutane, jaki ya tsinke da amalanke. Yaran Ɗanƙarami huɗu da suka zo duka, ko ƙurarsu ba a gani ba. Mahautan da suka miƙe rannan su ma suka ja baya, don sun ga idon. Ɗanƙarami ya zaro adda daga bayan riga. Nomau ya kai wa addar sara ɗaya, ƙarfe da ƙarfe, ta tashi sama ta faɗa kan kwanon rumfa. Ya banke shi da kafaɗa, ƙaton ya faɗi da baya cikin kwatar da ruwan jini ke bi, jar empeturwar ta wuntsila gefe. Ta bugi dutse, ta mirgina, ta ci gaba da kiɗa.

Nomau ya dasa gwiwa a ƙirjinsa, ya danne masa haɓa da hannun hagu ya tanƙwara wuyan baya, daidai yadda yake yi wa rago. Ɗanƙarami na kiran uwarsa, fitsari na bin wandonsa. Ni kuwa na faɗa wa na'urar. Na shure ta, na taka ta, na ɗauko dutsen awo na yi ta dukanta, lasifika ɗaya ta fashe ɗayar ta ci gaba. Ni da nake koya wa mutane cewa da farce ɗaya ake danna kati ya fito, komai ya yi shiru, ranar kaina ya toshe, sai duka nake kamar mahaukaci.

Sama'ila ne ya ratso da gudu, ƙafarsa duk ƙuna. Bai kama shi ta baya ba wannan karon. Ya zube a kan Ɗanƙarami, ya sa wuyansa a kan wuyan ƙaton, ya ɗago fuska yana kallon mijin yayarsa.

"Yaya, in za ka yanka, fara da ni."

Wuƙar na sama tana rawa. A daidai nan kiɗan ya kai ƙarshe, aka yi shiru na numfashi ɗaya. Na ga idon Nomau ya fara dawowa, na ga bakinsa na motsi. Da Alkasum ne, nan zai ajiye makaɗi. Na'urar ta koma farko.

Nomau ya miƙe tsaye da wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ya ja da baya taku biyu daga kan mutanen nan, kamar ana jansa da igiya ta gaba yana turjewa. Ya kama rigarsa ya kece ta har ƙasa. Sannan ya mayar da ƙotar wuƙar hannun hagu, ya damƙe kaifin da na dama, ya zare, yadda yake yi a filin Hamdara yana saurayi. Wuƙar da ya wasa da safiyar nan ce, layun kuwa ya ƙone su shekara ashirin da shida da suka wuce. Jini ya yi tsartuwa har kan rigata. Ya sake damƙewa ya sake zarewa, ya ja ta a damtsensa, ya ja ta a cikinsa, yana kirari yana kuka, har ƙafafunsa suka kasa. Da zai faɗi ma gefe ya faɗi, nesa da su.

Sai a lokacin na tuna da katin. Na danna shi da farce ya fito.

Muka naɗe hannun da rawanin Mai Nasara, muka sa shi a bayan wata motar kaya zuwa asibiti, kansa a cinyata. Likitoci suka shiga da shi suka daɗe. Yankan ciki bai kai hanji ba, na damtse an ɗinke. Ɗanƙarami kuwa ya tashi daga kwata babu ko ƙwarzane a jikinsa, kuma tun ranar ba a sake ganinsa a Kasuwar Dole ba.

Washegari bayan sallar Juma'a ya farfaɗo. Muna tsaye a kansa, ni da Balki da Sama'ila da Mai Nasara. Ya buɗe ido ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Bai tambayi inda yake ba, bai dubi hannunsa ba.

"Balki, na taɓa wani?"

"Ba ka taɓa kowa ba, Malam."

"Kada ki rufe ni don ina kwance."

"Wallahi tallahi ba ka taɓa kowa ba. Jininka ne kaɗai ya zuba."

Ya juya ga Mai Nasara. Alhaji ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Teburinka na nan, ba mai taɓa shi."

Na durƙusa a bakin gadon na ce masa ni na cuce shi, na san 'yar abar ba za ta kai ba, na ɗaga masa hannu. Ina magana ina kuka, ban ji kunyar kowa ba. Sai ga likita ya shigo a lokacin, wani matashi mai tabarau. Ya duba ɗaurin, ya ce ya matsa yatsunsa. Babban yatsa ne kawai ya motsa. Likitan ya yi masa bayani a hankali, ya ce jijiyoyin yatsu huɗu sun tsinke a wuri biyu, sun haɗa abin da ke haɗuwa, amma kada a ɓoye masa, hannun nan ba zai sake damƙar wuƙa ba.

Balki ta rufe baki da mayafi. Mai Nasara ya juya ya kalli bango, don ya san abin da ake nufi da mahauci marar hannun dama. Nomau ya ɗaga dunƙulen farin ƙyallen nan ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Likita, ka tabbata? Ko an yi shekara?"

"Ko an yi shekara goma, Baba."

Ya sauke hannun a kan ƙirjinsa a hankali, ya saki wani dogon numfashi, duk jikinsa ya saki a kan katifar. Sannan ya juyo ya dube ni, kuma na rantse da Allah murmushi yake yi.

"To, Mamudu, tashi ka bar kuka. Yanzu kowa ya kunna abinsa."